Asabar, Ƙarfe Huɗu da Minti Sha Bakwai

Litinin, 21 ga Yuni 2004, ƙarfe 5:20 na yamma

Yau kwana takwas ke nan kwamfutar ofis tana wulaƙanta ni. Da na ɗora kibiya a kan fayil na danna maɓallin dama na maus, maimakon jerin zaɓi ya fito, sai komai ya daskare, allon ya yi fari fat, foldar ta rufe kanta. In hagu na danna, lafiya lau. Dama ce kawai ba ta so.

Shekara uku ina zaune gaban wannan na'ura a sashen rajistar filaye nan Dutse. Ni na fito da ita daga kwali, ni na ɗinka mata mayafi da ragowar atamfata. Ba ta taɓa yi mini haka ba. Malam Ɗayyabu, shugaban sashenmu, ya leƙo ta bayana ya ce, "Zulfa, ko dai aljanu ne?" Shi duk abin da ya wuce biro da tambari, aikin aljanu ne.

Wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye a bayan Kiyawa, sunanta Iya Gaji. Takardar awon gonar marigayi mijinta take nema. Wani mutum ya fito ya ce gonar tasa ce, magana ta kai kotu, alƙali ya ce ta kawo shaidar ofis. Fayil ɗin takarda ya ruɓe tun daminar bara da rufin sito ya yi yoyo. Na ce ta kwantar da hankalinta, na ɗauki hoton duk takardun yankinsu na zuba a kwamfuta tun kafin ruwan nan. Na ce ta dawo jibi. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce, "Ƙafar nan ba ta son mota, 'yar nan, amma zan zo."

Talata, 22 ga Yuni, ƙarfe 1:10 na rana

Babu shi.

Takardu sittin da huɗu na zuba a foldar yankin nan, na rubuta a littafin aiki. Yau sittin da uku ne. Na ƙirga da yatsa a jikin allo kamar 'yar aji ɗaya. Na duba kwandon sharar kwamfutar, wayam. Na nema da lamba, na nema da suna. Ba mantuwa na yi ba, na tuna takardar sarai: sunan mijinta Idirisu Mai Rijiya, an zana rijiya a kusurwar gabas, tambarin ya ɗan karkace.

Sau uku na rubuta ina roƙon a sayo na'urar kwafe aiki a faifai, don ko da wani abu ya faru. Sau uku ana ce mini ana dubawa. Har yanzu dubawar ake yi.

Laraba, 23 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na yamma

Iya Gaji ta zo tun kafin a share ofis. Na ce mata na'ura ce ba ta da lafiya, ta ƙara mini mako guda. Ba ta yi ƙorafi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka tashi na biya shagon kwamfuta na Yaya Uwaisu. Wa zan kai wa kuka in ba shi ba? Shi ya fara ɗora hannuna a kan maus, shi ya tsaya har na gama difloma lokacin da dangi ke cewa me mace za ta yi da kwamfuta. Na kwashe komai na gaya masa. Bai ɗago ba, yana ta jera takardun da zai ɗinke.

Ya ce, "Ƙwayar cuta ce. Ki sa a kawo ta gobe in yi mata fomatin, a wanke ta tas."

Na ce, "Yaya, ko ganinta ba ka yi ba."

"Me zan gani? Irinta nawa na gyara?"

"In aka wanke ta, ai ba a ƙara samun takardar tsohuwar nan."

"Abin da ya tafi ya tafi. Ki kawo ta kawai."

Wannan shi ne mutumin da yake ce wa ɗalibansa fomatin aikin malalaci ne, wanda bai san ciwo ba shi yake yanke ƙafa. Wataƙila ya gaji ne. Aiki ya yi masa yawa kwanan nan. Wataƙila ya gaji ne.

Alhamis, 24 ga Yuni, ƙarfe 3:45 na yamma

Sau biyu Yaya ya bugo wayar ofis yau, yana tambayar yaushe za a kawo ta.

Juma'a, 25 ga Yuni, ƙarfe 5:30 na yamma

Ban kai ta ba. Kafen intanet na tafi bayan an sauko daga masallaci. Shafi ɗaya sai ya ci minti biyar kafin ya buɗe, ana cikin yi aka ɗauke wuta, muka zauna jiran janareta muna fifita da takarda. Amma na samu. Wani can a wata ƙasa ya kai kuka irin nawa sak, aka ba shi amsa.

Ga abin da na fahimta, bari in rubuta kada in manta. Jerin nan da ke fitowa in an danna dama ba na kwamfutar ba ne ita kaɗai. Duk furogiram ɗin da aka dasa yana iya liƙa nasa layin a ciki, mai matse fayil ya liƙa nasa, mai kashe ƙwayar cuta ya liƙa nasa. Da ka danna, sai kwamfutar ta kira su duka su hallara. In ɗaya ya lalace, sai ya ja kowa su faɗi tare. Akwai wani ɗan ƙaramin furogiram da ke jero duk waɗannan liƙe-liƙen, ya nuna na wane ne, ya ba ka dama ka kashe ko ka kunna ɗaya bayan ɗaya. Ƙarami ne ƙwarai, ya shiga ɗan faifan fulofi har da sauran wuri.

Na dawo gida da shi a jaka ina jin kamar na ci jarrabawa. Har na ɗauki hanyar shago in nuna wa Yaya, sai kuma na fasa. Ban san dalili ba.

Litinin, 28 ga Yuni, ƙarfe 4:30 na yamma

Layi ɗari da tamanin da bakwai ya jero mini. Waɗanda suka zo da kwamfutar tun asali ya bar su fari, baƙin kuma ya shafa musu ja-ja. Baƙin ashirin da uku ne. Na kashe sha biyu na sama, na kashe kwamfuta na kunna, na danna dama. Ta daskare. Na mayar da su, na kashe sha ɗayan ƙasa, na sake kunnawa.

Jerin ya fito. Kwafi, yanke, sake suna, kowa a wurinsa.

Na yi ƙara har Malam Ɗayyabu ya shigo da goro a baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, aljanin yana cikin sha ɗayan nan." Ya ce, "To ki kamo shi mu ga fuskarsa." Aka ɗauke wuta, ba mai a janareta, aka tashi.

Yau ce rana ta farko cikin mako biyu da na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Talata, 29 ga Yuni, ƙarfe 12:15 na rana

Na kamo shi.

Daga sha ɗaya na koma biyar, daga biyar biyu, daga biyu ɗaya. Wurin sunan kamfani ba komai. Bayaninsa da Turanci ne, ma'anarsa gogewa ta har abada. Na san irinsa, an yi mana bayani a makaranta. Ba ya jefa fayil a kwandon shara, bin wurin yake yi ya rubuce shi da shirme sau da yawa, yadda ko wa aka kira ba zai dawo da shi ba. Wani ya dasa shi, ya yi aikinsa, ya cire shi da gaggawa. Sai dai ya tuge rogo ya bar saiwa. Layin da ya liƙa a jerin dama ya tsaya yana kiran abin da babu, shi ya sa take faɗuwa.

Ni ban dasa ba. Ban taɓa riƙe irinsa ba.

Na ja allon zuwa dama don in ga sauran bayani. Akwai gurbin ranar da aka dasa kowanne. Asabar, 12 ga Yuni, ƙarfe huɗu da minti sha bakwai na yamma.

Ranar nan ina Ringim wurin sunan ɗiyar ƙawata Bilki, ban dawo ba sai Lahadi. Ba a buɗe ofis ranar Asabar. Makulli biyu ne, ɗaya wurin Malam Ɗayyabu, ɗaya wurina. Kalmar sirrin kwamfutar kuwa mutum biyu suka san ta, ni da wanda ya taya ni saita ta ranar da aka kawo ta.

Ranar Juma'a kafin in tafi Ringim, wani ya ce mini firintarsa ta lalace, ga katin biki an matsa masa, in ba shi aron makulli ya buga a tamu. Na zare daga jaka na miƙa masa ko tunani ban yi ba. Har cewa na yi ya rufe kwamfutar da mayafinta in ya gama.

Ba zan rubuta sunan ba.

Laraba, 30 ga Yuni, ƙarfe 10:00 na safe

Na sake duba kwanan watan. Bai canza ba.

Laraba, ƙarfe 2:00 na rana

Agogon kwamfuta yakan yi kuskure in batirinsa ya mutu. Na duba. Daidai yake da na bango, ko minti ɗaya bai bari ba.

Alhamis, 1 ga Yuli, ƙarfe 4:50 na yamma

Iya Gaji ta dawo, wannan karon da wasiƙar kotu. Ba sauran ɓoyo. Malam Ɗayyabu ya karanta, ya dube ni, na ce masa takardar ba ta cikin kwamfuta. Ya zauna a kujerar baƙi kamar an zare masa laka. Dole ya kai magana sama. Kafin azahar an miƙo mini takardar tuhuma: in yi bayani cikin kwana uku yadda shaidar hukuma ta salwanta a hannuna. Za a kafa kwamiti.

A hannuna. Haka suka rubuta.

Kafin a rufe ɗakin na buga jerin nan a takarda, na ja layi a ƙarƙashin wurin da biro, na ninke na sa a jaka. Da na fito Iya Gaji tana zaune a inuwar darbejiya tana jiran wanda zai gaya mata abin da ake ciki. Na bi ta ƙofar baya.

Asabar, 3 ga Yuli, ƙarfe 11:30 na safe

Na je shago da sassafe kafin mutane su fara zuwa. Na gaishe shi yadda na saba, ya amsa.

Na ce, "Yaya, ranar da ka karɓi makulli, me ka buga?"

"Katin biki. Ai na gaya miki."

Na ajiye takardar a gabansa. Ya daɗe yana kallon inda na ja layi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ina jira ya ce mene ne wannan, ko ya ce ba shi ba ne, ko ya daka mini tsawa. Ko ƙarya ce da ya yi mini, wallahi da na karɓa.

Ya ce, "Wa ya gani?"

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan.

Na ce, "Tsohuwa ce, Yaya. Ta girmi Inna."

"Ba ki san abin da ake ciki ba."

"To sanar da ni."

"Akwai mutanen da in sun ce ka yi abu, ba shawara suke nema ba. Kada ki tambaye ni su waye, ba zan faɗa ba, kuma sanin ba zai amfane ki ba." Ya turo mini takardar. "Ki ce ɗauke wuta ne ya lalata fayil ɗin. Duk ofishinku ba wanda ya san kan kwamfuta, za su yarda. Gargaɗi kawai za a yi miki."

"Ka san ni za a kama tun ranar da ka karɓi makullin?"

"Da kin kawo ta ranar da na ce, da ba wanda za a kama."

Laifina ne ashe. Na ɗauki takardata na fito. Ya biyo ni bakin ƙofa ya ce, "Zulfa, wa ya koya miki wannan binciken?" Ban juya ba. Ya san amsar.

Lahadi, 4 ga Yuli, ƙarfe 5:00 na yamma

Inna ta kira ni ɗakinta bayan la'asar, ta ce in sakaya ƙofa. Ashe Yaya ya riga ni zuwa. Ban san iya abin da ya gaya mata ba, amma idonta ya kumbura.

Ta ce, "Tun da mahaifinku ya rasu, wa ya riƙe gidan nan?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"'Ya'yansa huɗu. In kika ambaci sunansa gaban hukuma a zamanin nan, kin san inda abin zai tsaya? Ni ban sani ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Inna, ita ma tsohuwar gonar ce kaɗai gare ta."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Ban ce ki yi ƙarya ba. Cewa na yi ki yi shiru."

Shi ya yi aika-aika, ni ake roƙo. Ba wanda ya kira shi ɗaki ya sakaya ƙofa ya ce ya je ya faɗi gaskiya. Na tambaye ta ko ta ce masa haka. Ta ce in tashi in duba tukunya.

Litinin, 5 ga Yuli, ƙarfe 9:15 na safe

An kulle ɗakin kwamfuta. An ba ni benci a baranda. Kowa ya wuce sai ya gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki.

Talata, 6 ga Yuli, ƙarfe 3:30 na yamma

Malam Ɗayyabu ya kira ni ofishinsa. Ya rame cikin kwana biyar. Ya ce an fara tambayarsa nasa makullin, wai ko ya taɓa ba wa wani. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Shekara talatin da uku yana aiki, ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba shi ba.

Ya ce, "Zulfa, ni ko kunna abin nan ban iya ba. Ke kin san haka. In akwai abin da kika sani, ki taimake ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba naka makullin ba ne."

Ya dube ni ya daɗe. Bai tambayi komai ba. Ya ce in je, Allah ya fitar da mu.

In na ce wuta ce, na yi ƙarya, kuma an binne tsohuwar nan da ranta. In na yi shiru gaba ɗaya, za su rataya wa dattijon nan. In na faɗi suna, na kashe Inna. Duk inda na juya akwai wanda zan taka. Shi kuwa yana can yana buga katin biki.

Alhamis, 8 ga Yuli, ƙarfe 4:10 na yamma

An yi zaman. Mutum uku ne, ɗaya malami ne da aka gayyato saboda rantsuwa. Aka buɗe ɗakin, na kunna kwamfutar a gabansu. Na kunna layin nan na danna dama, ta daskare. Na kashe shi na danna, ta yi aiki. Na nuna musu sunansa da ma'anarsa da ranar da aka dasa shi. Na ce ba wuta ba ce, ba ƙwayar cuta ba ce, mutum ne ya shigo ya goge takarda ɗaya tak da gangan, kuma takardar tana ɗauke da sunan Idirisu Mai Rijiya. Na roƙi a rubuta haka.

Shugaban kwamitin yana ta duba agogo. Ɗayan ya tambaye ni wannan abin da na sa a fulofi da izinin wa na shigo da shi ofis.

Aka ce in yi alwala. Na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na rantse ban goge ba, ban sa a goge ba, ban san za a goge ba. 

Shugaban ya ce, "Makullinki fa? Za ki rantse bai bar hannunki ba?"

Na janye hannuna. Na ce, "Ya bari. Na ba da aronsa ranar Juma'a. Ba na Malam Ɗayyabu ba ne, nawa ne."

"Wa kika ba?"

Na kalli tabarmar da malamin ya shimfiɗa. Akwai ƙonewar turare a gefenta.

"Malama Zulfa, da ke nake. Wa kika ba?"

Sau uku ya tambaya. Malamin ya ce a hankali, "'Yata, ɓoye shaida zunubi ne, kin sani." Na ce na sani, Malam. Shugaban ya rufe fayil ɗinsa. Na lura bai matsa ba. Har kamar ya samu sauƙi.

Juma'a, 9 ga Yuli, ƙarfe 2:30 na rana

Inna ta yi mini dambun zogale, ta kawo har ɗaki da kanta. Yana nan a rufe.

Laraba, 14 ga Yuli, ƙarfe 1:00 na rana

Sakamako ya fito. An rage mini mataki ɗaya, an mayar da ni ƙaramin ofishinmu na Kiyawa, kuma kada in ƙara taɓa kwamfutar hukuma. An wanke Malam Ɗayyabu, alhamdu lillahi ko don wannan.

Na karanta rahoton sau biyu ina neman abin da na roƙa a rubuta. Babu Asabar, babu ƙarfe huɗu, babu sunan Idirisu. Cewa aka yi wani fayil ya salwanta sakamakon matsalar na'ura da sakacin ma'aikaciya. Shawara ta ƙarshe: a nemo ƙwararre ya wanke kwamfutar.

Alhamis, 15 ga Yuli, ƙarfe 12:40 na rana

Ina haɗa kayan durowata Malam Ɗayyabu ya shigo da fara'a, yana ganin alheri ya yi mini. Ya ce, "Na ce musu ba sai an je Kano neman ƙwararre ba, ga yayanki nan, duk Dutse wa ya kai shi?"

Yaya ya zo da jakar faya-fayensa. Ya gaisa da kowa hannu bibbiyu, ya yi wa Malam Ɗayyabu jaje. Ya zauna a kujerata, ya gyara tsayinta. Minti arba'in. Da ya gama ya danna dama ya nuna musu, jerin ya fito tsaf, aka yi ta sa masa albarka.

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwalina. Ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba.

Litinin, 19 ga Yuli, ƙarfe 3:00 na yamma

Kiyawa. Ɗaki ɗaya, tebur biyu, tafireta da harafin "r" ɗinta yake maƙalewa sai an ɗago shi da farce. Difloma ta ƙare a nan.

Iya Gaji ta ji labarin an kawo ni, ta zo. Na yi zaton zagi ta kawo. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar nan mai ciwo. Na gaya mata abin da zan iya: takardar ta tafi, ba za ta dawo ba, goge ta aka yi da gangan, ta hanyar makullin da na ba da aro. Na ce amma na gan ta da idona, in tana so zan je kotu in faɗa.

Ta ce, "Wanda kika ba makullin, an ce kin ƙi faɗar sunansa."

Na ce haka ne, Iya.

"Yana da uwa a raye?"

"Yana da."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To." Ta ce ranar Talata ta sama ne zaman, in zo da wuri don a sami benci.

Talata, 27 ga Yuli, ƙarfe 5:10 na yamma

Na ba da shaida. Na faɗi lambar takardar, da sunan, da rijiyar kusurwar gabas, da tambarin da ya karkace. Wakilin ɗaya ɓangaren ya miƙe da kwafin rahoton kwamiti a hannunsa. Ban san wa ya ba shi ba. Ya karanta "sakacin ma'aikaciya" da ƙarfi, ya maimaita, ya ce wannan ce shaidar? Wadda ofishinta ma bai yarda da ita ba? Aka yi dariya a baya.

Shi mai da'awar bai ma zo ba. Har yau ban ga fuskarsa ba.

Talata, 10 ga Agusta, ƙarfe 2:20 na rana

An yanke. Ba takarda, su sun kawo shaidu biyu maza, ita ta kawo ni. An ba shi gonar. An bar mata geron da ta shuka bana ta girbe, daga nan ta fita.

Na raka ta tasha. Ba ta yi kuka ba. Ta ce geron ya yi kyau bana, in an yi girbi za ta aiko mini da dami ɗaya. Na ce kada ta aiko. Ta ce ba ni zan gaya mata abin da za ta yi da geronta ba.

Juma'a, 13 ga Agusta, ƙarfe 5:45 na yamma

Na dawo Dutse hutun mako. Bayan Juma'a Yaya ya zo gaida Inna kamar yadda ya saba, da sabuwar shadda, ya kawo mata lemo da kankana. Ina ɗaki Inna ta ƙwala mini kira in kawo wa yayana ruwa.

Na kawo. Na durƙusa na ajiye, don haka aka koya mini.

Ya sha, ya ajiye kofin. Ya ce wa Inna ya ji an ce zaman Kiyawa da wuya, in ina so in bar aikin in dawo shago, yana neman wanda ya san kwamfuta sosai, kuma ya ga na ƙware. Inna ta ce ka ji ɗan'uwa. Sannan ya juyo, karo na farko tun ranar Asabar ɗin nan da na je shagonsa, ya dube ni. Ya ce, "Kin riƙe zumunci, Zulfa. Allah ya yi miki albarka."

Suka jira.

Inna ce ta ce amin. Na ɗauki kofin na fita.